Malam Rilwanu Ya Kawo Peru Madina

A shekarun da kaset ɗin bidiyo ke tashe, a unguwar Al-Sih ta Madina akwai wani mutum mai suna Malam Rilwanu Ashafa, mai sayar da magani a wani kanti a Aziziyya. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa. Matsalarsa ɗaya, ba a taɓa tayar da magana a gabansa ya ce bai sani ba. In ana zancen jirgin ruwa, saura kaɗan ya taɓa tuƙa shi. In ana zancen noma, shi a cikin gona aka yanke masa cibiya, alhali a tsakiyar birnin Kano ya tashi, a gidan da ko tsiron tafasa babu.

A wannan shekarar ƙungiyar iyaye Hausawa ta unguwar za ta zaɓi shugaba bayan dogon hutun zafi. Hankalin kowa ya karkata ga Dakta Sulaiman, likitan ƙashi, mutum marar yawan magana. Malam Rilwanu kuwa yana son kujerar nan har cikin ransa, amma ba shi da abin nunawa.

Ana nan sai wani mai zuwa umara ya kawo masa kaset daga wansa da ke Amurka. 'Yar wan nasa, Mimi, ita ce ta yi hutunta a ƙasar Peru, tana aikin sa kai a ƙauyen wasu manoma na kan duwatsu da ake kira Kecuwa. Bidiyon gidan Malam Rilwanu ya tsufa, hoto yake nunawa, babu murya. Haka ya zauna ya kalli kaset ɗin shiru. Ya ga mutane sanye da barguna masu zane da huluna masu kunnuwa. Ya ga gonaki hawa-hawa a jikin dutse kamar matakalar bene. Ya ga wata dabba mai dogon wuya an ɗaura mata zare a kunne, ya ga ana tattaka dankali da ƙafa, ya ga an binne nama a rami an tono shi dafaffe. Ya mayar da kaset ɗin baya ya sake kallo, sannan ya kira matarsa Asama'u.

"Asama'u, na gane mutanen nan ciki da waje."

"Mutanen da ko muryarsu ba ka ji ba, Alhaji?"

"Mai ilimi da ido yake ji. Dubi Mimi, tana tsallake-tsallake a kan dutse. Dubi ɗanki kuma."

Abdulazeez yana kwance a gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, sanyi na kaɗa shi, ƙafa ɗaya a kan bango. Uban ya ce, "Kai, daga ina dankali yake fitowa?"

Yaron ya buɗe ido ɗaya ya ce da Larabci, "Daga baƙala."

"Kin ji ko? Daga kanti. Kuma da Larabci."

Ranar Juma'a da la'asar, iyaye suna zaune a majalisa ana zagayawa da gahawa, Malam Rilwanu ya miƙe ya gyara wuyan jallabiya. Ya ce yaran unguwa sun zama kajin firiji, ba su san rana ba, ba su san ƙasa ba. Ya ce zai kwashe samarin ya kai su gona su yi aikin sa kai, su koyi rayuwar mutanen Kecuwa, waɗanda ya daɗe yana nazari a kansu.

Dakta Sulaiman ya ajiye finjalinsa. "Tun yaushe ka fara nazarin, Malam Rilwanu?"

"An jima."

"Su Kecuwan, a wane yanki suke?"

"Can sama. In ka wuce Amurka ka yi kwana."

Iyaye suka kalli juna. Babu wanda ya yarda da maganar, amma kowa ya gaji da ganin ƙato kwance a falo yana cinye burodin gida. Nan take aka ba shi samarin, har da waɗanda bai nema ba.

Gonar da ya samu ta dabino ce a bayan gari, ta wani tsohon Balarabe da ya gudu Ɗa'ifa saboda zafi. Mai kula da ita Issoufou ne, mutumin Tawa ta Nijar. Dabino ya fara nuna, yana neman masu tsince wanda ya zubo da masu ɗaukar kwanduna, shi ya sa da ya ji za a kawo masa samari kyauta ya yi ta godiya. Bai san da zancen Peru ba.

Da hantsin ranar farko motar haya ta sauke su. Issoufou ya fito tarba, sai ya ja ya tsaya. Kowane yaro yana sanye da bargo an huda tsakiyarsa an zura kai, ga hular ulu mai kunnuwa har haɓa. Bargunan na Asama'u ne, na lokacin sanyi, Malam Rilwanu ya bi su da almakashi tana gidan biki. Shi kansa ya ɗauki mafi kauri, mai hoton damisa.

"Alhaji, ba su da lafiya ne?" in ji Issoufou.

"Al'ada ce. Ba a noman Kecuwa tsirara."

"Amma ranar nan ko ƙadangare ba ya fita cikinta."

"Ƙadangare ba shi da al'ada."

Ya jera yaran ya koya musu gaisuwar Kecuwa, wadda ya ce daga leɓen wata tsohuwa a kaset ɗin ya karanto ta. In ya ce "Ambala kwacca," su ce "Kwacca ambala." Suka yi ta maimaitawa gumi na tsiyaya daga kunnuwan huluna. Kafin azahar an kwantar da rabinsu a gindin dabino ana yi musu fifita da ganyen kwali. Ba a tsinci dabino ko ɗaya ba, sai wanda suka ci.

Da suka koma gida Asama'u ta tare shi a ƙofa da guntayen bargunan da ya yanke, zagaye-zagaye kamar faifai.

"Waɗannan fa, Alhaji?"

"Ki ajiye, za su yi amfani."

"In sanyi ya zo, kai za ka kwanta a kan hujin ka toshe shi."

Washegari ya ce ba Kecuwa sai da dabbar nan mai dogon wuya. Ya bayyana wa yaran cewa raƙumi ne wanda sanyi ya hana shi girma. Aka aro ɗan raƙumi daga garken da ke maƙwabtaka da gonar. Tozonsa ya ɓata kamannin, sai aka lulluɓe shi da bargo. Saura zare a kunne. Yaran suka ja da baya, Malam Rilwanu ya ce su matsa su ga yadda ake yi, shi dabbobi sun san shi.

Ya kama kunnen ɗan raƙumin ya ce, "Ambala kwacca."

Ɗan raƙumin ya daina tuƙa. Ya dube shi a hankali, ya tattaro abin da ke cikinsa tun na jiya, ya fesa masa a fuska. Kafin ya share ido, dabbar ta cafke hular ulun daga kansa ta fara tauna. Ya riƙe kunnen hular ɗaya, raƙumi ya riƙe ɗaya, suka yi ta zagaya rijiya. Yaran suna dariya har suna faɗuwa a kan juna.

"Haka suke gaisawa," in ji Malam Rilwanu da ya samu numfashi, koren ruwa na ɗiga daga gemunsa. "Ya karɓe ni ke nan."

Abdulazeez ya ce, "To ka rama masa, Baba."

Wannan karon da Hausa ya faɗa, amma uban bai samu zarafin murna ba.

Daga nan aka shiga aikin dankali. A kaset ɗin ya ga ana shanya dankali a fili, ƙanƙara ta kwanta a kansa, a tattake, a busar, ya zama abin ajiya. Madina ba ƙanƙara, amma maƙwabciyarsu Hajiya Ƙaltume tana da ƙatuwar firiza a zaure, wadda take daskarar da zoɓo da lamurje tana sayar wa yaran unguwa. Ya aika Asama'u ta roƙa masa ɗan gefe. Hajiya ta ce ba komai, a sa. Ita ta ɗauka kwano ɗaya ne. Ta tafi ziyarar 'yarta, Malam Rilwanu ya zo da buhuna. Da firizar ta cika, ya fitar da zoɓon ya jera a ƙasa, ya ce ai na ɗan lokaci ne.

Da Hajiya Ƙaltume ta dawo, jan ruwa ta tarar yana bin zaure yana fita titi. Har wani mai wucewa ya tsaya yana tambaya ko yanka aka yi. Ta yafa mayafi ta tsaya a ƙofar gidansa.

"Rilwanu, fito. Ni ka mayar mutuniyar Kwacca?"

"Kecuwa, Hajiya."

"Ko ma uwar wace ce. Tun kana yawo ba wando a Kano nake sayar da zoɓo a garin nan, ban taɓa ganin wanda ya sa wa dankali sanyi ya bar abin sha a rana ba."

"In kika ɗanɗana abin da zai fito, da kanki za ki ce a ƙara."

"Zan zo. Wallahi zan zo in ga ƙarshenka da idona."

An kai dankalin gona ya yi tauri kamar dutse. Aka zube shi a kan tabarmi, aka ce yara su cire takalma su hau. Na farko ya taka, dankali ya mirgina, ya zauna daɓas. Na biyu ya kama bargon na uku suka tafi tare. Da rana ta buɗe, dankalin ya saki, ya koma kamar kunu, yana tsartuwa ta tsakanin yatsu. Malam Rilwanu ya ce a bar shi ya bushe. Bai bushe ba. Ya yi baƙi, ya kumbura, ya fara wani irin wari da ya kori tantabarun gonar. Ƙudajen da ba a taɓa gani ba a yankin suka zo da iyalansu. Mai garken raƙuma ya leƙo ta kan katanga, hanci a toshe da rawani, ya tambaya ko jakin Issoufou ne ya mutu.

"Ba ni da jaki," in ji Issoufou.

"To nemi abin da ya mutu."

Malam Rilwanu ya shaƙi iskar, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ya fara nuna."

Sai maganar gona hawa-hawa. Gonar dabinon shimfiɗe take kamar tabarma, babu ko tudun tururuwa. Issoufou ya ɗan ji sanyi a ransa, ya ce tunda ba dutse sai a koma tsintar dabino. Malam Rilwanu ya ce in ba dutse ai sai a gina. Yaran suka yi kwanaki suna kwasar ƙasa da kwandunan da aka tanada don dabino, suna tarawa a tsakiyar gona, har tudu ya fi tsayin mutum. Aka sassaƙa masa matakala, aka soka ganyen albasa a kowane hawa don ya yi kama da shuka. Dabino kuwa yana ta zuba yana narkewa a ƙasa. Issoufou ya bi shi yana cewa, "Alhaji, in mai gona ya dawo me zan ce?" Shi kuma ya ce, "Ka ce masa an ɗaga darajar gonarsa."

Sai ya sa ranar walima, ya gayyaci iyaye duka su zo su ga abin da 'ya'yansu suka zama. Ya sayi rago, ya ce za a dafa shi a rami irin na Kecuwa. Da safiyar ranar ya tura Issoufou kasuwa sayo ƙanƙara da lemo, don ya gaji da yawan tambayoyinsa. Yaran suka fara haƙa, ƙasa ta yi tauri. Malam Rilwanu ya zagaya yana dukan ƙasa da diddige, har ya samu wani layi mai laushi kusa da tudunsa.

"Nan. Manomi da ƙafa yake gane ƙasa."

Suka haƙa. Abdulazeez ya ce shebur ya taɓa wani abu baƙi mai santsi a ƙasan ramin.

"Saiwar dabino ce. A bar ta, za ta ƙara ƙamshi."

Aka hura wuta a kan duwatsu har suka yi ja, aka zuba su a ramin, aka jera nama da dankalin nan mai wari, aka rufe da ganye da ƙasa.

Bayan la'asar iyaye suka iso. Maza suka zauna a kan darduma a inuwar dabino, mata a ɗaya gefen bayan labulen da aka ɗaura tsakanin itatuwa. Hajiya Ƙaltume ta zo da kujerarta ta roba, ta ɗage gefen labulen yadda ba abin da zai wuce ta. Kowa yana riƙe da hanci cikin ladabi. Yaran suka fito a jere cikin barguna, sun rame sun yi baƙi, suna jan ɗan raƙumi. Wata uwa ta ce daga bayan labule, "Wanne ne nawa?"

Malam Rilwanu ya hau matakalar tudunsa har ƙoli, cikin bargon damisa. Ya ce, "Ambala kwacca." Yaran suka amsa kamar masu jinya. Ya yi jawabi a kan ƙasa da gumi da tarbiyya, ya ce al'umma tana bukatar shugaba mai hangen nesa, irin wanda ke iya tsayawa a Madina ya hango Peru. Dakta Sulaiman ya ɗaga hannu.

"Malam Rilwanu, naman Kecuwa da warin roba yake dahuwa?"

"Kayan ƙamshinsu ne, Dakta. Ba a koyar da shi a makarantar likita." Ya juya. "Abdulazeez, kunna injin ban ruwa, iyayenku su ga yadda ruwa ke sauka hawa-hawa."

Yaron ya tafi ya kunna. Injin ya yi tari ya kama. Aka jira, ruwa bai fito ta bakin tiyon da aka ɗora a kan tudu ba. Sai ƙasar da ke kan ramin naman ta fara motsi, ta kumbura kamar ƙullin fanke, tana huci. Abin da Malam Rilwanu ya kira saiwa babban bututun roba ne da ke raba ruwa a gonar, duwatsun wuta sun narkar da shi tun da hantsi.

Ramin ya fashe. Tururi da laka da ruwa suka yi sama har suka kai ganyen dabino. Cinyar rago ta tashi ta faɗo a cikin tiren gahawa. Baƙin dankali ya yi ta sauka kan jama'a kamar ruwan sama, yana fashewa a kan fararen jallabiyoyi. Maza suka watse suna neman takalma. Ɗan raƙumin ya fizge igiya ya yi cikin labule, ya fito ta ɗaya gefen da labulen a wuya, mata na bin bayansa da jakunkuna. Hajiya Ƙaltume kaɗai ba ta motsa ba. Ta buɗe lema ta gyara zama.

"A kwantar da hankali," in ji Malam Rilwanu daga sama. "Haka ake buɗe shi."

Ruwan ya juyo ya bugi gindin tudun. Hawa na ƙasa ya narke, na bisansa ya bi. Malam Rilwanu ya ji ƙasa tana guduwa daga ƙarƙashinsa, ya zauna, ya fara saukowa da mazaunai, yana tsayawa kaɗan a kowane hawa kamar mai gaisawa, ganyen albasa na mannewa a bargonsa. Bai tsaya ba sai a gaban kujerar Hajiya Ƙaltume, laka har ƙirji.

Ta leƙo daga ƙarƙashin lema. "Sannu da sauka."

A daidai nan a-kori-kura ta shigo gonar. Issoufou ne a gaba rungume da ƙanƙara, kusa da shi tsohon mai gonar, wanda ya dawo daga Ɗa'ifa a ranar suka haɗu a kasuwa. Tsohon ya fito da sandarsa. Ya dubi tafkin da ya kwanta a tsakiyar gonarsa, ya dubi dabinonsa na yawo a kan ruwa, ya dubi raƙumi sanye da labule yana cin kan rago. Sannan ya tambaya da Larabci, a hankali, wane ne shugaban mutanen nan.

Malam Rilwanu ya ja bargon damisa ya rufe kansa, ya lafe cikin laka.

Dakta Sulaiman ya cire dankali daga aljihun gabansa ya yar. Ya dubi iyayen da ke tsaye suna ɗiga, ya ce, "Jama'a, ina ganin ba sai mun jira ƙarshen hutu ba. Ni na janye. Wa ya yarda Malam Rilwanu ne shugabanmu?"

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, har na matan, har na yaran. Asama'u ta ɗaga biyu.

Tsohon ya taka har bakin lakar, ya sa ƙugiyar sandarsa ya ɗage bargon. Bai yi faɗa ba. Ya ce Issoufou ba shi da laifi, yaran su koma gidajensu, shugaba kuma zai riƙa zuwa kullum in ya tashi daga kanti, har sai ya mayar da tudun nan inda ya ɗebo shi, ya gyara bututu, ya binne abin da ke wari a wuri mai nisa. Ya sa Issoufou ya ɗauko kwando ya miƙa masa.

Malam Rilwanu ya karɓa ya rungume. Ya dubi jama'arsa, ya share laka daga baki, ya ce, "A matsayina na shugaba, ina neman masu aikin sa kai."

Sai ƙarar ƙofofin mota ta amsa masa.